Gardamar Waƙar da Ta Fi a Ƙasar Tasawa da Mayahi

Akwai mas'alolin da malamai suka yi saɓani a kansu har aka gaji aka bar kowa da mazhabarsa, akwai kuma waɗanda jama'a ba su gajiya da tayar da su ko da sun tabbata ba za a yi ijma'i ba, domin daɗin gardamar ya fi musu daɗin hukuncin. To, a cikin kashi na biyun nan ne ya kamata a sanya tambayar da ake yi a fadojin shayi na Tasawa, da tashar motar Mayahi, da rumfunan masu cajin waya na Kanambakashe da Urafan, watau a duk waƙoƙin zamani da aka rera tun ranar da jita da fiyano suka shigo hannun mawaƙanmu, wace ce ta fi kowace. Wanda ya ji tambayar daga nesa zai ɗauke ta wasan yara, amma wanda ya zauna ya saurari yadda ake amsa ta, zai ji tarihin ƙasar na shekara hamsin yana fitowa daga bakin mutanen da ba su yi niyyar ba da tarihi ba.

Ba Hausawa kaɗai aka jarraba da irin wannan mujadala ba. A Ingila da Amurka, wajen ƙarshen shekarun 1970, wasu samari sun fito da wani sabon salon kiɗa wanda ya haɗa jita da na'urorin lantarki masu kwaikwayon sautin kowane abin kiɗa, ƙungiyoyi irin su Talking Heads da Blondie da The Police, kuma da aka buɗe tashar talabijin ta MTV a 1981 sai salon ya game duniya. Yau waɗancan samari sun yi furfura, amma mujallunsu ba su fasa jera waƙoƙin wancan zamani ba, wannan ta ɗaya, waccan ta goma, masu karatu kuwa suna ta aiko da raddi. Abin da zai ba Bahaushe sha'awa a labarin shi ne, 'yan Talking Heads ba su ɓoye ba cewa faifan da suka fitar a 1980, mai suna Remain in Light, sun gina shi ne bisa abin da suka koya daga kiɗan Fela Kuti na Ikko. Bambancinmu da su guda ne, amma babba ne: su duk waƙar da suke jayayya a kanta tana nan a ajiye, kowa na iya jawo ta ya saurara kafin ya buɗe baki, mu kuwa rabin shaidunmu ba su halartar zaman shari'ar.

Kafin a fahimci dalilin haka, sai an duba inda Allah ya ajiye wannan ƙasa. Tasawa tana bisa babbar hanyar da ta haɗa Maraɗi da Damagaram, Mayahi kuma tana arewa maso yamma da ita, a bakin Gulbin Kaba mai yawan goriba. Hukuma tana Yamai, fiye da kilomita 700 daga Tasawa, alhali Kano ba ta kai rabin wannan nisa ba, kuma hanyar kudu ta girmi iyakar da Turawa suka shata, don ko Bature Barth da ya sauka Tasawa a farkon 1851, ayarin da ya biyo Katsina da Kano ya nufa. Saboda haka mutumin nan kunne biyu gare shi: ɗaya yana sauraron Muryar Sahel, ɗaya yana sauraron Rediyon Kaduna da abin da 'yan ci-rani suka ɗauko daga kasuwannin Nijeriya. Duk gardamar waƙa da za a yi a ƙasar, in aka tone ta, za a tarar kunnuwan nan biyu ne ke ja-in-ja.

Dattawa su ne ke fara yanke hukunci, kuma hukuncinsu gajere ne. In yaro ya ce, "Baba, wace ce ta fi?" sai a ce masa, "Kai dai yaro, waƙa ta ƙare tun da aka rufe Shata." A wurinsu tambayar ma ɓatacciya ce tun daga tushe, domin abin da ba a yi shi da kalangu ko kotso ko goge ba, bai shiga lissafi ba balle a auna shi, sai su kawo Ɗan Anace da waƙoƙinsa na 'yan dambe, da Ma'azu Ɗan Alalo na fadar Damagaram, da Ɗan Gurmu na ƙasar Adar. Hujjarsu tana da ƙarfi ta fuskar fasahar harshe, ba mai musun wannan. Sai dai suna mantawa, ko suna yin kamar sun manta, cewa Mamman Shata kansa, wanda ya rasu a 1999, bai fito daga gidan makaɗa ba, mahaifinsa bai so ya yi waƙa ba, kuma a lokacin ƙuruciyarsa manyan da kunnensu ya saba da taushin fada kallon ɗan tashe suke yi masa. Abin da suke kira gargajiya yau, iyayensu sun kira shi bidi'a jiya.

Masu bi musu a shekaru, waɗanda suka yi samartaka a zamanin Seyni Kunce da bayansa kaɗan, su ne ainihin masu da'awa a wannan shari'a, kuma a kansu nake so in daɗe. Da soja suka karɓi mulki ranar 15 ga Afrilu, 1974, sai aka farfaɗo da samariya aka mai da ita hannun hukuma a kowane gari, aka kuma ƙago bikin matasa na ƙasa wanda aka fara a Damagaram a 1976, inda kowace jiha ke kai ƙungiyarta ta rawa da waƙa da wasan kwaikwayo bayan an yi tankaɗe da rairaya tun daga ƙananan garuruwa irin su Tasawa da Mayahi. Waƙoƙin da suka fito daga nan galibinsu na gargaɗi ne, haɗin kan ƙasa, da dashen itace, da riƙon aiki, kuma ko da yake wanda ya saurare su yau zai ji ƙamshin umarni daga sama, ba za a hana su haƙƙinsu ba: su ne suka saba wa kunnen talaka da jin yaran gari, waɗanda ba 'ya'yan maroƙa ba ne, suna waƙa a gaban jama'a ba tare da an ce sun zubar da mutuncin gidansu ba. A wannan zamani ne kuma Mamman Sani ya naɗi kiɗansa na molon lantarki mai madannai a gidan rediyon ƙasa, a 1978, kiɗan da aka riƙa sawa tsakanin shiri da shiri har mutane suka haddace shi ba su san mai shi ba.

Amma ƙofar ba ta buɗe sosai ba sai 1987, shekarar da Kunce ya rasu, lokacin da aka kafa gasar kiɗan zamani da aka raɗa wa sunan Ɗan Gurmu. Kuma akwai hikima a zaɓen sunan, domin sanya sunan tsohon mawaƙin gargajiya a kan gasar masu jita tamkar ba su ijaza ce, a ce musu ku ma kuna cikin silsila. Ba a daɗe ba aka buɗe cibiyar koyar da kiɗa a Yamai da sunan marigayi Alhaji Taya, cibiya mai ɗakin naɗar sauti da kayan aiki, sai ga ƙungiyoyi sun yi fice daga kowace kusurwa: Super Haske daga Damagaram, Azna daga Tawa, Marhaba tare da Fati Mariko, Karnabal daga Maraɗi, ga kuma Mamman Barka, malamin makaranta ɗan ƙasar Taskar, wanda ya ɗauki gurmi mai tsirkiya biyu ya shiga da shi inda ake taƙama da jita, bai kuwa ji kunya ba. Sharaɗin da zamanin ya gindaya wa waɗannan mutane, ko an faɗa ko ba a faɗa ba, shi ne su daina kwaikwayon kiɗan Kongo da na Kuba da na Mali wanda makaɗan birni suka daɗe suna juyawa a gidajen rawa, su koma su nemo abin da ke cikin ƙasarsu. Wanda ya fi kowa amsa wannan kira a ɓangaren Hausa, a ganina, shi ne Sa'adu Bori na Maraɗi.

Abin da Sa'adu ya yi yana da sauƙin faɗi, yana da wuyar aikatawa. Ya ɗauki kiɗan bori, wanda yana cikin tsofaffin kaɗe-kaɗen ƙasar Katsinar Maraɗi da Gobir da Tasawa, kiɗan da 'yan lakwal ke jin nauyin a gan su a wurinsa, malamai kuma ke ƙyama, ya ɗora shi a kan kayan kiɗan da suka fi kowane sabunta a lokacin: jita ta karɓi aikin garaya da goge, gangunan Turawa suka karɓi aikin ƙwarya, 'yan amshi suka tsaya inda suka saba tsayawa, har ya zamana tsohuwar da ba ta taɓa shiga gidan rawa ba in ta ji kaset ɗin daga shagon tela za ta gane takun, ɗan makaranta kuma zai taka shi ba tare da ya ga kansa a matsayin baƙauye ba. A 1994 kamfanin Stern's na birnin Landan ya fitar da faifan da ya haɗa shi da Musa Pusi, mai suna Niamey Twice, wanda ke ɗauke da waƙoƙinsa irin su "Dango" da "Bori", kuma a nan ne aka ga abin da ba a cika gani ba: kayan nishaɗi sun juya sun bi hanyar kudu, daga Maraɗi zuwa Katsina da Kano, alhali al'adar kasuwa ita ce su taho daga can. Sa'adu ya rasu a haɗarin mota a 2008.

To me ya kashe wannan tashe tun bai tsufa ba? Ba ƙarancin fasaha ba ne, tsadar aiki ce. Ƙungiyar kiɗa tana bukatar mutum takwas ko goma, da jita biyu ko uku, da ganguna, da lasifika, da injin wuta, da motar da za ta kwashe su. A shekarun 1990 kuwa hukumar da ta saba ɗaukar nauyin wasanni ta kai ga ba ta iya biyan albashin ma'aikatanta a kan kari, kuma da aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairu na 1994, duk abin da ake sayowa daga Turai, har tsirkiyar jita, kuɗinsa ya ninka. A daidai wannan lokaci ne Kano ta gano hanyar yin waƙa da mutum ɗaya. Fim ɗin Hausa na kaset ya fara da Turmin Danya a 1990, amma Sangaya ne, a ƙarshen shekarun, ya tabbatar wa 'yan kasuwa cewa waƙa ita ke sayar da fim, kuma fiyanon Yamaha guda a cikin ɗaki guda ya isa ya maye gurbin makaɗa goma. Ba a yi shekaru ba wannan kiɗan fiyano da ake kira nanaye ya cika gidajen biki daga Korgom zuwa Isawan. Har mawaƙan Nijar suka bi kasuwar: Fati Nijar, haifaffiyar Maraɗi, a Kano ta yi sunan da ta yi da "Girma Girma", kuma Mdou Moctar, Buzun da yau yake cika manyan zaurukan Amurka da jitarsa, faifansa na farko a Sakkwato ya naɗe shi a 2008, da na'urar gyaran murya irin ta mawaƙan fim. 'Yan rap na Yamai, su Lakal Kaney da Kaidan Gaskiya da Wass-Wong, sun samu magoya baya a cikin ɗalibai, amma ba su ratsa ƙauyukan Mayahi yadda nanaye ya ratsa ba.

Saboda haka in aka tambayi matasan yau, amsarsu tana tahowa da sauri kuma duk daga kudu: wani ya ce Nura M. Inuwa, wani ya ce Umar M. Shareef, wani ya rantse babu kamar "Jarumar Mata" ta Hamisu Breaker, wadda a 2020 ta sa matan aure suka riƙa ɗaukar kansu a waya suna rawa a gaban mazajensu har abin ya zama abin magana a majalisu. Ba daidai ba ne a raina wannan zaɓi. Waƙoƙin nan sun ba saurayi da budurwa kalmomin bayyana abin da kunyar Bahaushe ta hana su faɗi baki da baki, sun kuma zama abokan hira ga yaron Sarkin Hausa ko na Maijirgi da ke can Libiya ko wurin haƙar zinariya a Jado, wanda ba abin da ke haɗa shi da gida sai wayar da ke aljihunsa. A cikinsu akwai masu azanci na haƙiƙa, kuma Aminu Ala ya nuna cewa fiyano ba ya hana mutum tsare ƙafiya da zurfin ma'ana. Illarsu dai ita ce, da yawansu uwa ɗaya ta haife su: kari ɗaya, taku ɗaya, muryar da na'ura ta goge har ba a bambanta mai ita da maƙwabcinsa, ga kuma rerawar da aka aro daga finafinan Indiya ba tare da an sauya mata riga ba.

Ba a rasa malami a gefen majalisa wanda zai ce duk wannan lagawu ne, ɓata lokaci, na tsohon da na sabon, kuma babu mafi kyau a cikin abin da barinsa ya fi. Maganarsa tana da asali, sai dai mas'alar ta fi faɗin yadda ake taƙaita ta, tun da Imamu Gazali ya ware babi sukutum a cikin Ihya'u yana rarrabe hukuncin sauraro gwargwadon abin da ake faɗi da halin mai ji. Amma a kan Sa'adu suka ta fi tsanani, saboda sunansa da tushen kiɗansa, kuma wanda ya tuna cewa a watan Nuwamba na 2000, lokacin tarzomar da bikin nuna tufafi na FIMA ya haddasa, an ƙona mashaya a Maraɗi har wutar ta kai gidan Iya, shugabar 'yan bori, zai gane dalilin da ya sa wasu masu ƙaunar waƙoƙinsa suka koma ƙaunarsu a ɓoye. Wannan ma yana cikin abin da ya rage masa masu shaida.

Idan an tace maganganun masu gardama, za a ga ba a kan waƙa suka saɓa ba, a kan mizani ne. Dattijo yana auna nauyin magana, mai matsakaicin shekaru yana auna kiɗa da asalinsa, matashi kuwa yana auna yaɗuwa, ya ce ai wadda kowa ya sani ita ce ta fi. Wannan mizani na ƙarshe shi ne ya fi rinjaye a yau, kuma shi ne na fi tuhuma, domin yaɗuwar waƙa a ƙasarmu ba ta rataya ga kyanta kaɗai ba, ta rataya ga wanda ya ɗauko ta. A kowace kasuwar mako akwai yaro mai kwamfuta a ƙarƙashin rumfa, wanda ake miƙa wa memori ya cika ta da waƙoƙi a kan 'yan kuɗi kaɗan. Abin da ke cikin kwamfutarsa shi ne duk abin da ƙauye goma za su ji har kasuwa ta zagayo, shi kuma daga wani babbansa na Maraɗi ko Katsina ya kwafo, wancan kuma daga Kano. Ma'abota ilmin ruwaya sun san cewa, ba don a haɗa abu mai tsarki da wasa ba, magana kan ɓace ba domin rauninta ba sai domin yankewar masu ɗaukarta, wata kuma ta shahara domin yawan almajiran mai ita. Waƙoƙin 1987 zuwa 1995 an haife su a kan kaset, kaset kuwa ya mutu kafin a kwashe abin da ke cikinsa. Abin da ya tsira zuwa YouTube kaɗan ne, sautinsa a dushe, wani ma babu sunan waƙar balle shekararta. Yaron da aka haifa bayan 2000 bai ƙi Super Haske ba, bai dai taɓa jin su ba, kuma ba a kiran wanda bai ji ɗayan ɓangare ba alƙali.

In an tilasta mini in faɗi tawa, ba zan ɓoye ba: "Dango" nake ba wa rinjaye, kuma dalilina ba begen ƙuruciya ba ne. Waƙar da za a kira mafificiya a cikin sabon salo, wajibi ne ta cika sharaɗi biyu waɗanda ba su cika haɗuwa ba, ta zamana sabuwa ƙwarai a ranar da ta fito, har mai ji ya tsaya ya ce wannan kuma mene ne, sa'an nan ta zamana ba za a iya yin ta a wata ƙasa ba sai wannan. Waƙoƙin samariya sun cika na biyu sun gaza a na farko. Mafi yawan nanaye sun cika na farko a zamanin Sangaya, amma in aka cire kalmomin aka bar kiɗan, ba mai iya rantsuwa cewa daga ƙasar Hausa ya fito. Kiɗan Sa'adu ko an cire muryarsa ɗungum, Bakatsine da Bagobiri da mutumin Tasawa za su san nasu ne. Na san mai ba wa Mamman Barka zai kawo hujjar da ba zan iya turewa da sauƙi ba, musamman in ya tuna mini cewa mutumin nan bai tsaya ga gurmi ba, ya tafi har tafkin Cadi ya koyi biram na Buduma a lokacin da kayan kiɗan ke gab da ɓacewa, ya riƙe shi har rasuwarsa a 2018. Da irin wannan abokin gardama ake son a zauna, domin ya ji abin da na ji.

Kiɗan Mamman Sani na 1978 sai da wani kamfanin Amurka, Sahel Sounds, ya sake buga shi a 2013 kafin 'yan Nijar da yawa su san sunan mai shi. Sauran waƙoƙin wancan zamani kuwa suna nan a warwatse, wasu a ma'ajiyar gidan rediyon ƙasa da ta cibiyar Alhaji Taya, wasu a cikin akwatunan ƙarfe na tsofaffin malaman makaranta da direbobi a Tasawa da Mayahi, inda zafin bazara ke manne zaren kaset shekara bayan shekara. Juyar da kaset guda zuwa kwamfuta ba ya bukatar fiye da rediyo mai aiki da igiyar sauti da haƙurin sa'a ɗaya, kuma yaron rumfa ɗan kasuwa ne: ranar da mutum uku suka tambaye shi Karnabal a kasuwa guda, mako mai zuwa zai zo da su.